Arahar nesa da tsadar kusa: wa ke biyan kuɗin yini?

Duk ƙarshen wata, da zarar labari ya bazu cewa albashi ya sauka, tashoshin mota na Gidan Runji, da Cadawa, da Agye, da Gazawa sukan cika da mutane masu nufin Maraɗi. A cikinsu akwai malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da na gidan gona, da masu ƙananan butiki, da matan aure waɗanda aka damƙa wa kuɗin cefanen wata. In aka tambayi kowanensu dalilin tafiya, amsar guda ce: kaya sun fi araha a birni. Maganar kuwa gaskiya ce, in dai farashin da mai kanti ya faɗa ake dubawa. Buhun shinkafa, da jarkar mai, da katan ɗin sabulu, da siminti, da kwanon rufi, galibi sun fi sauƙi a babbar kasuwar Maraɗi bisa ga kasuwannin gundumomi. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: nawa kayan suka tsaya sa'ad da suka iso ƙofar gida, kuma wane aiki ne aka bari kwance a yinin da hanya ta cinye?

Hanya ɗaya, gundumomi uku

Babbar hanya mai lamba 1, wadda ta taso daga Yamai ta nufi Damagaram da Diffa, ita ce ta jera waɗannan garuruwa kamar ƴaƴan tasbaha. Mai fitowa daga yamma zai fara cin ma Gidan Runji, kimanin kilomita 55 kafin Maraɗi, sannan ya ratsa Tibirin Gobir, wadda ke bakin birnin. In ya wuce Maraɗi ya yi gabas, sai Cadawa a wajen kilomita 40, sai Agye a wajen kilomita 80, sai Gazawa a kusan kilomita 100, kafin a kai Tasawa. Gazawa kuwa a da ƙarƙashin Agye take, sai a shekarar 2011 aka ba ta matsayin gunduma mai cin gashin kanta.

A bisa takarda, kilomita 80 ba wani abu ba ne: mota mai lafiya takan cinye su cikin awa ɗaya da rabi. To amma duk wanda ya saba shiga motar haya ya san lissafin takarda daban, na tasha daban. Mota ba ta tashi sai ta cika. In ta tashi, akwai saukewa da ɗauka a kowane gari, akwai tsayawa a shingaye, akwai faci. A Maraɗi kuma sai a nemi kabu-kabu daga tasha zuwa kasuwa, a zagaya rumfuna ana taya kaya, a nemi mai turin kura ya kai su tasha, a sake zaman jiran mota ta cika. Wanda ya bar Agye da hantsi, in ya yi sallar la'asar a gidansa ya yi sa'a.

Wannan ma ga mutumin da ke zaune bakin kwalta ke nan. Mutanen ƙauyukan Gangara, da na Gidan Sori, da Cadakori, da Saye Sabuwa, da yawansu sai sun fara ratsa rairayi bisa amalanke ko babur kafin su ga kwalta. Da damina kuwa, in Gulbin Maraɗi ko Gulbin Kaba suka kawo ruwa, wata hanyar da ake bi cikin rabin awa da rani takan koma tafiyar rabin yini. Ga irin waɗannan mutane, zuwa birni cefane yini ne cur, wani lokaci har da kwana.

Lissafin da ba a yi a tasha

Masana tattalin arziki suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: ainihin tsadar abu ya haɗa da abin da mutum ya rasa domin ya same shi. Wani Bafaranse mai suna Frédéric Bastiat ya wallafa ɗan littafi a shekarar 1850 bisa wannan batu, inda ya bambanta abin da ido ke gani da abin da ba ya gani cikin sha'anin kuɗi. Bahaushe ya riga ya taƙaita zancen tun da daɗewa, da ya ce taura biyu ba ta taunuwa. Mutum ba ya zama a rumfarsa ta Gazawa kuma a lokaci guda yana taya shinkafa a Maraɗi. Ɗaya ce za ta samu, ɗayar kuwa ita ce kuɗin da aka biya ba tare da an ƙirga ba.

Ga misali da lambobin da aka ƙaddara domin sauƙin fahimta. Mai karatu sai ya maye gurbinsu da na garinsu da na ranar da yake ciki. A ƙaddara buhun shinkafa ya fi araha a Maraɗi da jika 1 da rabi bisa ga Agye. A ƙaddara kuɗin mota zuwa da dawowa jika 3 ne, kabu-kabu da abincin rana da mai turin kura jika 1, kuma direba yana karɓar dala 100, wato tamma 500, a kan kowane buhu. Ribar kowane buhu ta koma jika 1 ke nan, alhali tafiyar kanta ta ci jika 4. Saboda haka wanda ya je ya sayo buhu ɗaya ya yi asarar jika 3, wanda ya sayo buhu biyu ya yi asarar jika 2, kuma sai a buhu na huɗu ne mutum zai tashi ba riba ba faɗuwa. Magidanci nawa ne ke sayen buhu huɗu na shinkafa a wata?

Har yanzu ba a sa kuɗin yini ba. Mafi ƙarancin albashi da doka ta yarda da shi a Nijar ya tashi daga tamma 30.047 zuwa 42.000 tun farkon shekarar 2024. In aka raba shi ga ranakun aiki 22, yinin ma'aikaci mafi ƙanƙanta ya kai kusan tamma 1.900. Wanda albashinsa ya kai jika 88, yininsa jika 4 ne. In aka ɗora wannan bisa misalin da ya gabata, buhu huɗu ba su isa ba, sai takwas.

Wani zai ce ai shi da babur ɗinsa yake zuwa, ba ya jiran kowa. Gaskiya ne babur yana rage zaman tasha, amma ba ya tafiya da ruwan rijiya. Daga Gidan Runji zuwa Maraɗi da dawowa kilomita 110 ne, abin da zai ci wajen lita 3 na esansi. Ko da farashin tamma 499 da gwamnati ta ƙayyade wa lita a watan Yuli na 2024, wannan ya kai jika 1 da rabi, ban da baƙin mai, da taya, da sarƙa, waɗanda kowace tafiya ke ci kaɗan-kaɗan har ranar da makanike zai faɗi nasa kuɗin. Kuma abin da babur zai ɗauko bai taka kara ya karya ba.

Akwai dalilin da ya sa lissafin yake yawan faɗuwa haka. Bambancin farashi tsakanin Maraɗi da Agye, mafi yawansa kuɗin sufuri ne da ɗan abin da ɗan kasuwa ya ɗora. Shi ɗan kasuwar ya ɗauko buhu 40 ko 100 cikin mota guda, ya raba kuɗin hanya a kansu, kowane buhu ya ɗauki kaɗan. Magidancin da ya tafi domin buhu ɗaya yana so ne ya yi aikin ɗan kasuwa da kansa, da kuɗin kujera cikakkiya bisa buhu guda. Da wuya ya fi babbar mota araha.

Yini ba farashinsa ɗaya ba

Duk da haka, kuskure ne a yanke hukunci guda ga kowa, domin yinin mutane ba darajarsa ɗaya ba, kai, ko yinin mutum guda ma yakan canza daraja daga wata zuwa wata.

A dubi manomi. Damina a wannan yanki wata uku ce zuwa huɗu, daga Yuni zuwa Satumba. In ruwan shuka ya sauka, kwana ɗaya ko biyu ne ƙasa ke da danshin da ake so. In lokacin noman farko ya yi, haki ba ya jiran kowa. Manomin Cadawa da ya bar gonar hatsi ko ta aya a irin waɗannan ranaku domin ya ceci dala 200 bisa buhun taki, zai biya bambancin da dammuna a lokacin kaka, ko kuma ya biya ɗan ƙwadago ya tsaya masa. Amma wannan manomin dai, a watan Fabrairu ko Maris, bayan an kai amfani rumbu, yininsa ba shi da mai nema sosai, sai in yana da aikin rani a fadama ko wata sana'a ta hannu. A lokacin tafiya kasuwa mai nisa ba ta ci masa kome ba sai kuɗin mota. Dattawan ƙauye sun san wannan sarai, shi ya sa hidimomin aure, da gini, da sayayya mai nauyi duk ake tura su rani.

A dubi ɗan kasuwa. Mai butiki a Gazawa in ya rufe ƙofa yini guda, ya rasa cinikin ranar, kuma mai sayen da ya zo ya tarar da kwaɗo zai taka zuwa maƙwabci, wataƙila ya ga wurin zama can. Amma in sari zai yi mai yawa, tafiyar ta biya kanta har da riba: a misalin da ya gabata, buhu 40 sun bar masa jika 36 bayan kuɗin hanya. Tambayar da ke gabansa ita ce ko lalle sai ya je da ƙafarsa. Manyan alhazan Maraɗi, waɗanda Emmanuel Grégoire ya rubuta littafi a kansu a shekarar 1986, ba su gina dukiyarsu bisa yawon kasuwanni da kansu ba. Sun gina ta bisa amanar da ke tsakanin ubangida da baransa: yara ne ke bin ƙauyuka da kan iyaka, shi alhaji yana zaune inda zamansa ya fi tsada. Karin maganar da ke cewa zuwa da kai ya fi aike tana da gaskiya ranar ƙulla hulɗa, ko ranar da ake zargin an sauya kaya. Sauran ranaku, aike ga amintacce ya fi riba.

Yinin ma'aikaci na wane ne?

A nan ne maganar ta fi nauyi. Ma'aikacin gwamnati shi ne mutumin da yake ganin yininsa kyauta ne, domin ko ya zauna a biro ko ya tafi Maraɗi, albashinsa ba ya raguwa da ko dala. Shi ya sa lissafi yake yi masa daɗi: ya cire kuɗin mota, in ɗan abu ya rage sai ya ce ya ci riba. Alhali kuwa yinin nan an riga an saye shi, kuma akwai wanda zai biya in ya ɓace.

Wanda zai biya shi ne manomin da ya taso daga wani ƙauyen Gangara tun asuba, ya biya kabu-kabu, domin ya karɓi takardar haihuwar ɗansa mai shirin jarrabawa, ya tarar da kujera babu kowa, aka ce ya dawo jibi. Ita ce matar da ta goyo yaro mai zazzaɓi zuwa ƙaramin asibiti ta tarar mai ba da magani ya shiga birni. Su ne yara 60 da suka yini cikin aji suna kallon allo, a shekarar karatu da ba ta wuce wata tara ba. In ma'aikaci ya ceci jika 2 bisa cefanensa, amma mutum biyar suka yi asarar kuɗin hanya da yininsu a ƙofar biro ɗinsa, an kwashe ne daga aljihun talaka an zuba a nasa, kuma abin da aka kwasa ya fi abin da ya iso.

Adalci ne a faɗi uzurin ma'aikata. Da yawansu ba kwaɗayin araha ne kaɗai ke kai su birni ba. Can ne bankin da albashinsu ke sauka yake, can ne shugabannin aikinsu na jaha suke, wasu ma can iyalinsu ke zaune. In dole ce ta kai mutum, to haɗa cefane da ita hikima ce, tun da an riga an biya kuɗin mota. Matsalar tana farawa ne sa'ad da tafiyar yini ɗaya ta zama ta kwana uku, ko kuma cefane ya zama shi ne dalili, albashi ya zama hujja. Ranar Asabar tana nan, kantunan Maraɗi kuwa ba su rufewa.

Akwai kuma wani abin da ma'aikaci ke mantawa: littafin bashi na mai butikin unguwa. Daga ranar 20 ga wata zuwa saukar albashi, wannan mutumin ne ke ba da sukari, da mai, da taliya a rubuta, ba tare da ya ƙara ko tamma ba. Babban kantin Maraɗi bai san sunan kowa ba, kuɗi hannu kaya hannu. Wanda ya kai tsabar kuɗinsa birni, ya kawo wa maƙwabci bashi kaɗai, kada ya yi mamaki ranar da aka ce masa littafi ya cika. Ɗan abin da mai butiki ya ɗora bisa farashi, wani ɓangarensa ladan wannan rufin asiri ne.

Arahar ƙetaren iyaka

Mutanen waɗannan gundumomi ba Maraɗi kaɗai suke duba ba. Nijeriya tana kudu da su, kusa ƙwarai: Jibiya ta hanyar Ɗan Isa, Ɗankama ga mutanen Agye da Gazawa, Sabon Birni ga mutanen Gidan Runji, sai Katsina da Kano ga mai babban jari. Shekaru da dama sabulu, da atamfa, da robobi, da taki, da man fetur daga can suke shigowa, kuma sau da yawa da araha mai jan hankali. Sai dai tarihin shekaru arba'in ya nuna cewa wannan araha ba ta da alƙawari.

A watan Afrilu na 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta sauya takardun naira ta kuma rufe iyakoki, ba a buɗe ba sai a 1986. Abin ya haɗu da fari, har mutanen wannan yanki suka laƙaba wa yunwar shekarar sunansa. Ranar 12 ga Janairu 1994 aka karya darajar sefa da rabi, mai jika 10 ya wayi gari kuɗinsa ba su sayen abin da suke saye jiya a ƙetare. Daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020 Nijeriya ta sake rufe iyaka. A ƙarshen Mayu 2023 Shugaba Bola Tinubu ya janye tallafin man fetur, farashin lita ya ninka fiye da sau biyu cikin ƴan kwanaki, man kwalba da ake sayarwa bakin hanya daga Gidan Runji har Gazawa ya rasa araharsa. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 takunkumin CEDEAO ya sake toshe iyakar, sai a watan Maris 2024 aka buɗe. A tsakanin nan kuma naira ta faɗi warwas, abin da ya sake mai da wasu kayan Nijeriya masu sauƙi ga mai riƙe da sefa.

Darasin shi ne, mai ƙetare iyaka domin araha yana da ƙarin layuka cikin lissafinsa: abin da ɗan canji zai ci tsakanin saye da sayarwa, kuɗin dwan, tsayawar shingaye, da yiwuwar doka ta canza kaya suna kan hanya. Tun daga shekarar 2019 kuma an sami wani layin da ba a iya sa masa farashi. Ɓarnar ƴan bindiga a jahohin Sakkwato, Zamfara da Katsina ta koro dubban mutane zuwa gundumomin Gidan Runji da Madarumfa, kuma wasu hanyoyin daji da aka saba bi domin gajarta tafiya sun zama wurin fashi da satar mutane. Babu ragin farashin da ya kai a sa rai a kansa. Garin neman gira kada a rasa ido.

Abin da waya ta sauya

Kafin shekarar 2001, wanda ke son sanin farashin hatsi a Tasawa ko Maraɗi sai ya je da kansa, ko ya jira direba, ko ya saurari farashin kasuwanni da ake karantawa a rediyo. Daga wannan shekara wayar salula ta fara shiga garuruwan Nijar ɗaya bayan ɗaya. Wata masaniya ƴar Amurka, Jenny Aker, ta bi diddigin farashin hatsi a kasuwannin ƙasar zuwa 2006, ta gano cewa zuwan waya ya rage bambancin farashi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin ɗari, kuma ragin ya fi yawa tsakanin kasuwannin da sufuri ya fi tsada a tsakaninsu. Dalili a fili yake: da zarar farashi ya yi sama a wani gari, ƴan kasuwa sun ji cikin minti biyar, motoci sun nufi can.

Ma'anar wannan ga mai cefane ita ce, babban giɓin farashi ba ya daɗewa yanzu. In aka ce abu ya faɗi ƙwarai a wata kasuwa, kafin magidanci ya shirya tafiya masu sari sun riga shi. Kuma tun da kiran dala 20 yana iya gaya wa mutum abin da a da sai ya kashe jika 3 da yini guda kafin ya sani, tafiya domin a je a gani ta zama almubazzaranci. Yau mai butiki a Agye yana iya kiran ubangidansa a Maraɗi, ya aika kuɗi ta kamfanonin aike irin su Al Izza ko Nita, direban da ya sani ya sauke masa kaya kafin magariba, rumfarsa ba ta rufe ko awa ɗaya ba.

Ya kamata kuma a tuna cewa araha ba kullum birni take ba. Hatsi, da dawa, da wake, da gujiya, da riɗi, da ayar da ta yi wa Cadawa da Agye suna, daga waɗannan gundumomi suke tashi su tafi Maraɗi. Ma'aikacin da ke zaune Gazawa yana zaune ne bakin rumbun jaha. A kan waɗannan kaya, wata ya fi kilomita muhimmanci: farashin tiya a Oktoba da Nuwamba, lokacin kaka, da farashinta a Yuli da Agusta, lokacin da rumbuna suka yi ƙasa, yawancin shekaru bambancinsu ya fi duk wani bambanci tsakanin gari da gari. Wanda ya iya ajiye kuɗin mota na wata uku ya sayi buhun hatsi da kaka a kasuwar garinsu ya fi mai zaryar birni dabara.

Wanda ba shi da zaɓi

Duk wannan lissafi na mai ɗan abin hannu ne. Akwai mafi yawan jama'a waɗanda ba su da kuɗin buhu balle kuɗin mota, masu sayen tiya ɗaya yau, rabin tiya gobe, mai a cokali, sukari a ƙulli. Su ne ke biyan farashi mafi tsada a kan kowane kilo, domin kowane hannu da kaya suka ratsa ya ɗora nasa. Suna da lokaci amma ba su da jari, kamar yadda ma'aikaci ke da ɗan jari amma lokacinsa ba nasa ba ne.

Maganin duka biyun iri ɗaya ne, kuma ba baƙo ba ne a jahar Maraɗi: haɗa hannu, tun da hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. A wannan jaha ne aka fara ƙungiyoyin Mata Masu Dubara a shekarar 1991 da taimakon ƙungiyar CARE, inda mata ke zuba ɗan abin da ya samu kowane mako cikin asusu guda, tsarin da daga baya ya bazu zuwa ƙasashe da dama. Abin da mutum ɗaya ba ya iya saye da sari, mutum 20 suna iyawa. Haka nan malamai takwas na makaranta guda, in kowane yana buƙatar buhu ɗaya, babu dalilin biyan kujera takwas da rufe aji takwas. Mutum ɗaya ya tafi ranar hutu, ko a yi waya a turo, a raba kuɗin hanya. A misalin da aka kawo tun farko, buhu takwas cikin tafiya ɗaya sun bar ribar jika 4 ga ƙungiya, alhali tafiya takwas daban-daban asarar jika 24 ce.

Ba a ce kome na kasuwa kuɗi ne ba. Kasuwa wurin zumunci ce da jin labari, can ake gamuwa da dangi, can ake ƙulla aure da ciniki. Akwai kuma kayan da ƙaramar kasuwa ba ta da su, ko tana da su amma ba a amince da ingancinsu ba: maganin da likita ya rubuta, kayan gyaran inji, iri mai kyau, kayan ɗakin amarya da ake son a zaɓa da ido. A kan irin waɗannan araha ba ta ado, kuma tafiya ta cancanta ko da ta ci yini. Wanda ya je birni domin ya ga ƴan'uwa ko ya sha iska, hakkinsa ne in a ranarsa ya je. Abin da ake gudu shi ne mutum ya ruɗi kansa, ya kira yawo tattali.

An aza harsashin hanyar jirgin ƙasa daga Kano zuwa Maraɗi a watan Fabrairu na 2021, kuma ranar da jirgi ya fara shigowa farashi da nisa za su sake sabon zama a duk faɗin jahar. Amma ko da jirgi ko babu, abin da mai shirin tafiya cefane zai tambayi kansa ba zai canza ba. Nawa ne bambancin farashin yau, bayan an kira an tabbatar? Nawa hanya za ta ci zuwa da dawowa, har da na kaya? Yawan abin da za a saya ya isa ya ɗauke wannan kuɗi? Kuma yinin da za a ɓatar, me zai kawo in an zauna, wa kuma zai tarar da ƙofa rufe? Ɗan kasuwa in ya kuskure wannan lissafi, aljihunsa zai gaya masa kafin ƙarshen wata. Ma'aikaci kuwa aljihunsa ba zai gaya masa ba, shi ya sa nauyin yin lissafin ya fi hawa kansa.